Na sa wa 'yata sunan mahaifiyata, wane suna zan haɗa mata da shi?

Sabon Uba

Assalamu alaikum. Allah ya sauki maiɗakina lafiya ranar Laraba da hantsi, an samu 'ya mace, suna sai Laraba mai zuwa in Allah ya kai mu. Na riga na yi mata huɗuba da A'isha, sunan mahaifiyata. To ga shi babu mai iya kiran sunan a gidan, daga ni har ƙannena, balle maijego. Ita uwar tana son a riƙa ce mata Humaira, ƙanwata ta kawo Afnan da Amira, wasu kuma sun ce tunda ranar Laraba aka haife ta a bar ta da Balaraba.

Ina neman shawarar masu sani: wanne ya fi dacewa da A'isha? Kuma in an zaɓa, shin shi za a rubuta a gurbin sunan tsakiya a takardar haihuwa, ko sunana ne zai shiga wurin? Mu ɗauka sunana Musa, na mahaifina Idris, kuma Idris ɗin nake amfani da shi a fasfo da banki. Dangin uwar kuma a Maraɗi suke, akwai yiwuwar yarinyar ta yi wani zama a can.

Gwaggon Yara

Wa alaikumus salam. Barka da arziki ɗana, Allah ya raya takwarar Hajiya, ya ba maijego lafiya.

Abubuwa biyu ka haɗa a tambayarka, kuma gara a raba su tun yanzu. Akwai sunan yanka, shi ne wanda liman zai raɗa a yanka rago a kansa. Akwai kuma inkiya, wadda ake kiran yaro da ita a gida saboda alkunya. Bahaushe bai taɓa ɗaukar inkiya a matsayin suna na biyu da sai an rubuta ba. Mace takan tsufa ana ce mata Indo, ko Kulu, ko Abu, alhali a ɗaurin aure waliyyi A'ishatu ko Hauwa'u ko Zainabu zai ambata.

Kusan kowane babban suna yana da abokin tafiyarsa. A'isha tana tafiya da Indo, Shatu, A'i, Humaira da Siddiƙa. Fatima da Binta, Zahra'u, Batulu. Khadija da Dije da Kubura. Hauwa da Kulu da Jidda. Halima da Sadiya, Rabi da Adawiyya, Maryam da Mairo. Amfanin bin wannan tsari shi ne ko baƙo ya ji an ce Humaira ya san A'isha ce, ba sai an yi masa bayani ba.

Amma ka lura, ba duka ne ke biyan bukatar alkunya ba. Shatu da A'i gutsuren sunan ne da kansa, surukar da ta kira su kamar ta kira sunan ne. Indo ma ka bincika ko ba ita ce inkiyar da ake kiran Hajiyar da ita tun tana yarinya ba, don in ita ce, an gudu ba a tsira ba. Akwai kuma inkiyoyin da ke nuna cewa yarinyar takwarar kaka ce: Ummi, Mama, Mami, Uwani, Hajiya, Walida. Su sun fi kowanne nuna girmamawa ga mai sunan. Illarsu ɗaya, sun yi yawa. A zuri'a guda sai ka tarar da Ummi huɗu, har sai an koma cewa Ummin wane da Ummin wance. Kafin ka yanke, ka lissafa 'ya'yan yayyenka da ƙannenka da suka riga ka mayar da sunan Hajiya, ka ga inkiyoyin da suka ɗauke. Na farkon jikoki shi ke da zaɓi, na baya sai ya nemi abin da ya rage.

Balaraba kuwa suna ne mai kyau, na rana, ɗan'uwan Ladi, Tani, Talatu, Lami, Jummai da Asabe. Abin takaici ne yadda ake gudunsu yanzu ana ganin na ƙauye ne. In uwar ba ta so kada a tilasta mata, domin ita za ta fi kowa kiran sunan, kuma inkiyar da uwa ba ta kira ba ba ta kamawa.

Almajirin Zaure

Allah ya raya bisa Sunna, Malam. Zan tsaya a kan ma'ana da abin da ya inganta.

Humaira ƙaramtawa ce ta kalmar hamra'u, wato ja, kuma Larabawa suna nufin farar mace mai jaja-jaja. Ya zo a ruwayar Nasa'i cewa Annabi (SAW) ya kira Nana A'isha da shi ranar da Habashawa ke wasa a masallaci. Akwai wasu hadisan da yawa masu ɗauke da wannan laƙabi waɗanda malaman hadisi suka raunana, amma wannan bai hana kiran yarinya da shi ba. A Bukhari kuma ya kira ta da "Ya A'ish", ya taƙaita sunan. Siddiƙa laƙabinta ne, 'yar Siddiƙu. Alkunyarta kuwa Ummu Abdullahi, da sunan ɗan yayarta Asma'u, Abdullahi ɗan Zubairu, domin ita ba ta haihu ba. Saboda haka yi wa ƙaramar yarinya alkunya da "Ummu wane" yana da asali. Annabi ya kira wata ƙaramar yarinya da Ummu Khalid.

Afnan jam'i ne, ma'anarsa rassan itatuwa, yana cikin Suratur Rahman aya ta 48 a siffar Aljanna. Babu laifi a cikinsa. Amira kuma shugaba ko gimbiya. Duk halal ne. Sai dai babu abin da ya haɗa su da A'isha, za su zauna ne a matsayin suna mai zaman kansa.

Inda ake kuskure shi ne ɗaukar cewa duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ta dace da suna. Hawiya tana da daɗi a baki, har tana kama da Hauwa, amma a Suratul Ƙari'a sunan wuta ce. Laza ma haka, a Suratul Ma'arij. Wanda ya ga suna a jerin da ake yaɗawa a intanet, ya sa a rubuta masa shi da baƙin Larabci ya kai wa malamin da ya san lugga, domin rubutun boko yana haɗe baƙaƙen da Larabci ya raba. Misali mafi kusa: Asiya matar Fir'auna da alifi da sinun ake rubuta ta, suna ne mai daraja. Akwai wata Asiyar da ainun da sadi, ma'anarta mai saɓo, ita ce wadda Annabi ya canza wa 'yar Sayyidina Umar ya mayar da ita Jamila. A boko duk harafi biyar ne iri ɗaya.

Haka kuma ya canza sunan Barra zuwa Zainab saboda akwai yabon kai a ciki, kamar yadda yake a Sahihu Muslim. Asma'ul Husna ma, da wasu ke haɗawa su sa wa yarinya, ma'anarsa kyawawan sunayen Allah ne, bai dace da mutum ba. A ce Asma'u, ko a ce Husna, kowanne shi kaɗai.

Game da rana kuwa, hadisin Samura ɗan Jundubi ya ce a yanka wa jariri ranar bakwai, a yi masa aski, a sa masa suna. A mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ce ga namiji ko mace. Ba a bukatar ƙarin rago don an ƙara laƙabi, kuma ba dole ba ne liman ya ambaci laƙabin a wajen raɗin suna. Abin da shari'a ta ƙarfafa shi ne jingina ɗa ga ubansa, Suratul Ahzab aya ta 5. Ko me za ka ƙara, kada sunanka ya ɓace daga nata.

Mai Cike Fom

Barka, Malam Sabon Uba. Ɓangaren takarda shi ne wanda ba a jin zafinsa sai bayan shekara goma sha shida, ranar da za a yi rajistar jarrabawa.

Fom ɗin gwamnati da na banki gurbi uku gare su: sunan farko, sunan tsakiya, sunan dangi. Kai kuma sunaye huɗu kake riƙe da su: A'isha, Humaira, Musa, Idris. Dole ɗaya ya sauka. Hanyoyin da ke gabanka su ne Aisha Musa Idris, ko Aisha Humaira Musa, ko Aisha Humaira Idris.

Na ukun ka ajiye shi gefe, domin ya cire sunanka gaba ɗaya, duk mai karantawa zai ɗauka Idris ne ya haife ta. Na biyun yana da daɗin ji, kuma ya jingina ta gare ka, amma sunan danginta zai zama Musa alhali naka a fasfo Idris ne. Ba laifi ba ne a doka, sai dai duk ranar da za ku nemi biza tare, ko za ka sa ta a inshorar lafiya ta wurin aiki, ko a takardun magada na fansho, sai an nemi takardar haihuwa don a tabbatar 'yarka ce. Na farkon shi ne ba ya jawo tambaya: sunanta, naka, sannan sunan da kake amfani da shi a takardunka. Shi nake ba da shawara, Humaira ta zauna a gida. Kuma duk tsarin da ka ɗauka, ka ɗore da shi ga ƙannenta. Gidaje da yawa za ka ga uwa ɗaya uba ɗaya, amma wannan sunan danginsa na uba, wancan na kaka, na ukun sunan gari, don kawai mutane daban-daban ne suka kai su makaranta.

Sai rubutu. Sunan nan guda ana rubuta shi A'isha, Aisha, Aishah, Aishat, Aishatu, A'ishatu, har da Ayeesha. Bambancin "h" da "t" da "tu" na ƙarshe duk daga harafi ɗaya ne na Larabci, amma kwamfuta ba ta san haka ba, a wurinta mutum bakwai ne. Humaira ma ana yi mata Humairah, Humaira'u, Umaira. Ka zaɓi ɗaya, mafi gajarta, ka rubuta da manyan baƙaƙe a takarda ka miƙa wa jami'in rajista. Kada ka faɗa da baki ya rubuta abin da ya ji. Ka karanta harafi-harafi kafin ya buga hatimi, domin gyara a wannan minti kyauta ne.

Waƙafin sama da ke cikin A'isha, da haruffa masu lanƙwasa irin ƙ, ɗ da ɓ, daidai ne a Hausa amma manhajoji da yawa ba sa karɓarsu. Wata ta share waƙafin, wata ta bar fili a wurinsa sunan ya koma "A isha", wata ta ƙi wucewa. Layuka biyun da na'ura ke karantawa a ƙasan shafin fasfo ba sa ɗaukar waƙafi sam. Don haka a takarda Aisha kawai, Siddika da k mara lanƙwasa. Waɗannan layuka kowanne gurbi 44 ne, kuma 39 ne kacal aka ware wa suna, har da alamomin da ke raba kalmomi. Idris, Aisha, Humaira da Musa duka huɗun gurbi 25 za su ci, ba matsala. Amma a haɗa Abdurrahman, Ummulkhairi, Rabiatu da Adawiyya, 41 ne, sai an datse wutsiyar sunan.

Wani kuskuren da ake yawan yi, ko da bai shafe ka kai tsaye ba: raba sunan da Larabci ya ɗaure. Fatimatuz Zahra, Halimatus Sa'adiyya, Khadijatul Kubra, haka ake faɗarsu a haɗe. In aka zuba su a gurbi biyu yadda suke, sunan farkon yarinya ya zama "Fatimatuz" ko "Halimatus", kuma haka za a kira ta a layin asibiti. A rubuta Fatima a gurbin farko, Zahra a na biyu. Sunaye irin Ummukulsum, Ummulkhairi da Amatullah kuwa a rubuta su kalma ɗaya ba karan ɗori, in ba haka ba "Ummu" ce za ta zama sunan, sauran ya faɗa tsakiya, wata rana a taƙaita shi zuwa harafi ɗaya.

Tsarin da za ka bi kuwa: katin da asibiti ke bayarwa da katin rigakafi ba su ne takardar haihuwa ba, sau da yawa ma kafin suna ake buɗe su, da sunan uwa ko na uba. Takardar da ake aiki da ita ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce, kuma suna da jami'ai a sakatariyar ƙaramar hukuma da asibitoci da dama. Ka je bayan suna, kada ka bari ta yi shekaru. Da wannan takardar da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, taka ko ta uwar za a yi wa yarinyar tata NIN ɗin. Ranar da za a sa ta makaranta, kwafin takardar za ka bayar, ka ce a kwafi sunan daga ciki.

Makaranta ita ce inda abin ke karkacewa. Yaya ko ƙanin uba ya kai yarinya aji ɗaya, malami ya tambayi suna, a ce Humaira Musa, domin shi kowa ya sani. Haka za ta tafi har sakandare, makarantar ta tura wannan sunan WAEC da NECO. Ita kuwa JAMB tun 2021 ta wajabta NIN, daga can take janyo suna, sai ya fito Aisha Musa Idris. Ga sakamako da suna ɗaya, ga gurbin karatu da wani. Gyaransa sai takardar rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, da neman gyara a kowace hukuma daban, kowacce da kuɗinta da jiranta, kuma lokacin tantancewa a jami'a ba ya jiran kowa.

Malamar Firamare

Allah ya raya. Ina tare da Mai Cike Fom a komai sai abu ɗaya: ni ina ganin a rubuta Humaira a tsakiya.

Dalilin da ya kawo na ƙarshe shi ne ma hujjata. Sunan da ake kiran yarinya da shi dare da rana shi take amsawa, shi take rubutawa a bangon littafinta, kuma ko ba jima ko ba daɗe sai ya shiga wata takarda. In yana cikin takardar haihuwa tun farko, wanda ya ga Humaira Musa ya ga Aisha Humaira Musa ya san mutum ɗaya ce, gyaran ƙarami ne. In babu shi, sunaye biyu ne da ba abin da ya haɗa su. Ga kuma yawan takwarori. Aji guda a Kano ko Katsina ba ya rasa Aisha uku ko huɗu, wani lokaci biyu daga ciki sunan ubansu ɗaya, har a koma ce musu babba da ƙarama, maki ya riƙa shiga rajistar da ba tasa ba. Sunan tsakiya na kanta yana raba wannan gardama.

Amma wannan ga laƙabi irin Humaira ne, ko Siddika, ko Afnan. Ummi, Mama, Mami da Hajiya kada su shiga takarda. Suna da daɗi a tsakar gida, sai dai ranar da ta zama likita ko alƙaliya ba za ta so a gan su a ƙofar ofishinta ba.

Kafin a yanke a gwada sunan a baki. A kira shi da ƙarfi kamar ana kiranta daga zaure, sau uku a jere. Aisha da wasali take ƙarewa, in na biyun ma da wasalin "a" ya fara sai su haɗiye juna: Aisha Afnan takan koma "Aishafnan", Aisha Amira ta koma "Aishamira". Humaira da Siddika da baƙi suka fara, kowane suna yana fita da kansa. A kuma duba yadda yara za su gutsure shi, domin sai sun gutsure. Kuma a guji jera manyan sunaye biyu, kamar Aisha Fatima ko Aisha Zainab. Ba haramun ba ne, amma jama'a za su yi ta tambayar wanne ne na yanka, wasu ma su ɗauka sunan uwarta aka rubuta.

Ɗan Katsinar Maraɗi

Barka da arziki. Tunda ka ambaci Maraɗi, ga abin lura. A Nijar da ƙa'idar Faransanci ake rubuta suna: "u" ta koma "ou", "sh" ta koma "ch", "j" sau da yawa "dj". Aisha za ta fito Aïcha ko Aïchatou, Musa ya zama Moussa, Idris ya zama Idrissa, Humaira kuma da "Hou" za a fara ta. In yarinyar ta je can aka sa ta makaranta da baki, haka za a rubuta, ta dawo Najeriya da takardun da ba su yi kama da na haihuwarta ba.

Maganinsa ka ba dangin uwar kwafin takardar haihuwar, ka roƙe su duk inda za a rubuta sunanta a kwafa yadda yake. Kada kuma a sake yi mata wata sabuwar takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari don sauƙin shiga makaranta, domin nan ne ranar haihuwa da wurin haihuwa kan canza, ba rubutun suna kaɗai ba. A can an saba da sunan yaro sannan na uba, saboda haka Aisha Musa Idris zai karantu ba gardama. Aisha Humaira Musa ma zai wuce, sai dai ka bayyana cewa biyun farko duk nata ne.

Sabon Uba

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bincika, Indo ce inkiyar Hajiya tun ƙuruciya, kuma 'yar yayana ta riga ta ɗauki Ummi. Mun tsaya a kan Humaira. Abin da ya rage: ba za a iya sa sunaye biyu a gurbin tsakiya ba, a rubuta Aisha, sannan Humaira Musa, sannan Idris, kowa ya samu?

Mai Cike Fom

A takardar haihuwa zai iya shiga, kuma fasfo yana da fili kamar yadda na lissafa. Matsalar a gaba take. Wani fom ɗin kalma ɗaya yake karɓa a tsakiya, sai ma'aikaci ya zaɓi wadda ya ga dama ya yar da ɗayar, wani ya manne su "Humairamusa", banki kuma ya taƙaita zuwa H. ko M. a jikin kati. Bayan shekaru sai ka tarar da siffa uku ta suna ɗaya, ba tare da kowa ya yi niyyar canzawa ba.

In ka ƙudurta sai Humaira ta shiga, ɗauki hanyar Malama: Aisha Humaira Musa, kuma duk ƙannenta su ɗauki Musa a gurbin dangi. Ka ajiye asalin takardar haihuwar a wuri mai kyau, ka yi kwafi biyar, ka ɗauki hotonta a waya, domin ita ce za ta riƙa haɗa Musa da Idris duk inda aka tambaya. A gurbin sunan uba da ke cikinta kuma ka tabbata an rubuta Musa Idris daidai da yadda yake a NIN ɗinka.